Neman canjin sashe a asibiti ɗaya alhali shugabar da za ta ba da shaida ba ta yi da ke

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Shekarata biyu da wata bakwai ina aikin jinya a wani asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, da ke arewacin Ingila, a sashen kwantar da tsofaffi, a mataki na 5 na tsarin muƙami da albashi. Kafin in zo na yi shekara shida a ɗakin wankin ƙoda na wani asibitin koyarwa a gida. Yanzu an tallata gurbi a mataki na 6 a sashen wankin ƙoda na wannan asibitin da nake, kuma sharuɗɗan da suka jera babu wanda ban cika ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fom ɗin ya nemi sunan shugabar sashen da nake ciki a matsayin mai ba da shaida a kaina, ni kuwa tsakanina da ita sai gaisuwa, gaisuwar ma ba kullum take amsawa ba.

Asalin abin, wani dare ne muka kwana da ƙarancin ma'aikata, wata tsohuwa ta faɗi a hanyar banɗaki. Na cike rahoto a Datix, manhajar da ake shigar da rahoton haɗari a asibiti, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, na kuma rubuta adadin mu nawa ne a bakin aiki a daren. Tun daga ranar fuskarta ta canza. Aikin dare da na ƙarshen mako suka yi mini yawa, kwas biyu na nema ta ce babu wanda zai riƙe wurina, zaman bitar aikina na shekara kuwa sau uku tana ɗage shi. Tambayoyina uku ne. Zan iya barin sunanta in sa na mataimakiyarta? In gaya mata ina nema tun yanzu, ko in bari sai an ɗauke ni? Kuma idan aka tambaye ni a intabiyu dalilin da zan bar sashen, me zan ce wanda ba ƙarya ba, kuma ba zai cutar da ni ba?

Ummu Yasir:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ni a ganina babu dalilin da zai sa ki miƙa wuyanki ga wadda kika san tana wasa wuƙa. Ki sa sunan mataimakiyar, ki ƙara da wata babbar sista da kuke shiri da ita, sannan ki yi shiru da bakinki har sai takardar ɗauka ta shigo hannunki. Na taɓa gaya wa wata shugabata cewa ina neman wani wuri, wai don girmamawa, kafin mako ya zagayo kowa a sashen ya ji, ranar intabiyun kuma ta sa ni aikin safe, sai da na roƙi wata ta yi mini musanya.

Anti Sista Babba:
Ƙanwata Maman Hanifa, Allah Ya kawo mafita. Na daɗe ina riƙe da sashe a mataki na 7, kuma na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata sau da yawa, don haka bari in gaya miki yadda abin yake daga wancan gefen teburin. Shawarar Ummu Yasir na fahimci inda ta fito, amma ba za ta yi aiki a neman cikin gida ba. Da a ce wani asibitin daban za ki, da akwai ɗan wurin ɓuya. Nan kuwa ofishin kula da ma'aikata ɗaya ne, rajistar ma'aikata ta kwamfuta ɗaya ce, sunan shugabarki yana rubuce a jikin naki. Ƙa'idar binciken sababbin ma'aikata ta NHS tana neman shaidar da ta rufe aƙalla shekara uku na aiki ko karatu, kuma ga wanda yake ciki, shugabansa na yanzu shi ne farkon wanda ake tuntuɓa. Idan kika tsallake ta, ma'aikacin ofishin zai dawo miki da fom ɗin ya ce ki gyara, ko kuma shugabar sashen ƙoda ta lura ta tambayi kanta me ake ɓoyewa. Kada ki manta su biyun suna haɗuwa a taron shugabannin sassa, wataƙila ma metiron, wato babbar nas da ke saman shugabannin sassa, ɗaya ce a kansu.

Abin da nake so ya kwantar miki da hankali shi ne tsarin yadda abubuwan suke bin juna. A yawancin asibitocinmu ba a neman shaida sai bayan an gama intabiyu, an zaɓi mutum, an ba shi tayin aiki bisa sharaɗi. Wato a lokacin da za a aika mata, kwamiti ya riga ya gan ki, ya ba ki maki, ya rubuta cewa ke ce kika fi. Sannan fom ɗin shaidar da ake aikawa yanzu ba wasiƙar yabo ko suka ba ce irin ta da. Galibi tambayoyi ne masu gajerun amsoshi: ranar da kika fara, muƙaminki, kwanakin da kika yi hutun rashin lafiya, ko akwai gargaɗin ladabtarwa da bai ƙare ba, ko akwai binciken da ake yi a kanki. Rashin jituwa ba shi da gurbi a cikin waɗannan layukan. Saboda haka ki ba ni amsa tsakani da Allah: an taɓa kiran ki zaman ladabtarwa, ko an taɓa ba ki gargaɗi a rubuce?

Maman Hanifa:
Anti, na gode ƙwarai. Ba a taɓa kira na zaman ladabtarwa ba, kuma babu gargaɗi ko ɗaya. Hutun rashin lafiya na yi sau biyu, ɗaya na kwana uku, ɗaya kuma na laulayin ciki ne wanda ya ɗan ja.

Baban Sadiq:
Hajiya, ni wakilin RCN ne, wato ƙungiyar ma'aikatan jinya, a asibitinmu, kuma irin wannan maganar tana zuwa mini fiye da yadda ake zato. Zan ƙara a kan abin da Anti ta faɗa ta fuskar doka. Mai ba da shaida a ƙasar nan ba shi da damar rubuta abin da ya ga dama. Tun hukuncin da kotun ƙoli ta wancan zamanin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke a 1994 a shari'ar Spring da kamfanin Guardian Assurance, ya tabbata cewa wanda ya rubuta shaida da sakaci har ta jawo wa ma'aikaci asara ana iya neman diyya a wurinsa. Hukumar Acas, mai ba da shawara da sasanci a harkar ƙwadago, ma abin da take nanatawa ke nan, shaida ta zama gaskiya, ta zama da adalci, kada ta ɓatar da mai karantawa. Ban da wannan, shugabarki nas ce mai rajista da NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, kamar ke, kundin ɗa'ar da ya ɗaure ki shi ya ɗaure ta, kuma ya wajabta mata gaskiya a abin da take faɗa a kan abokan aiki. Hutun da ya shafi ciki kuwa, dokar daidaito ta 2010 ta hana a yi amfani da shi a tauye mace, don haka ki tabbatar an rubuta shi a rajista da sunansa na laulayin ciki, ba a cakuɗa shi da sauran ba.

Akwai wani abu da mutane suke kuskure a kai. Da yawa suna zaton suna da haƙƙin ganin shaidar da aka rubuta a kansu ko ta halin ƙaƙa. Dokar kare bayanai ta 2018 ta ba masu ɗaukar aiki damar ƙin nuna shaidar da aka bayar a asirce. Sai dai idan aka janye tayin aiki saboda abin da shaidar ta ƙunsa, ki nemi a gaya miki dalili a rubuce, ki kuma nemi a saurari ɓangarenki kafin a rufe magana, kuma a nan ne ƙungiya take da amfani. In ba ki cikin RCN ko ƙungiyar ƙwadago ta Unison, ki shiga yau, domin ƙungiyoyi ba su cika karɓar matsalar da ta riga shigar mutum ba.

Ummu Yasir:
Malam, duk wannan a takarda ne. Abin da ke kashe mutum ba a fom ake rubuta shi ba, a wurin shan shayi ake faɗar sa. Za ta haɗu da shugabar sashen ƙoda ta ce mata, wance tana da ƙoƙari amma sai kin yi haƙuri da ita, shi ke nan an gama. Wace doka ce za ta kama wannan? Kuma mu faɗi gaskiya, mu da muka zo daga waje an fi saurin liƙa mana sunan masu taurin kai da zarar mun buɗe baki.

Anti Sista Babba:
Ummu Yasir, ban musa miki ba, ana yin haka, kuma na ji da kunnena. Amma ki lura, ɓoye sunanta a fom ba zai hana wannan raɗar ba, sai ma ya ba ta abin faɗa, ta ce ga shi ma ta zagaye ni. Maganin raɗa shi ne a riga ta isa. Kowace sanarwar aiki tana ɗauke da sunan wanda za a tuntuɓa don ziyarar gani da ido. Maman Hanifa, ki rubuta wa shugabar sashen ƙodar ki nemi zuwa ki ga wurin kafin a rufe karɓar takardu. Ki je da tambayoyin wadda ta san aikin: irin injinan da suke amfani da su, yadda suke horar da sababbi a kan huda jijiyar da aka haɗa wa majinyaci don wankin, nas ɗaya majinyata nawa take riƙewa a zango, da abin da suke jira daga mai mataki na 6 wajen jagorantar aiki da kula da ɗalibai. Wadda ta zauna da ke rabin sa'a ta ji kina magana a kan nauyin da ya kamata majinyaci ya koma bayan an janye masa ruwa, da abin da ake yi idan jininsa ya faɗi ana tsakiyar wanki, ba za ta yar da abin da idonta ya gani saboda maganar wurin shayi ba. Gani ya kori ji.

Game da gaya mata, ra'ayina ki gaya mata, amma a lokacin da ya dace kuma a taƙaice. Ki bari sai kin tura takardunki, sannan ki aika mata imel na layi uku: na nemi gurbi kaza saboda ya dace da ƙwarewata ta baya, na sa sunanki a matsayin mai ba da shaida, idan aka kira ni intabiyu zan sanar da ke ranar don a daidaita jadawali. Kada ki nemi izini, domin ba izininta ake nema ba, kada kuma ki ba da haƙuri. Imel ɗin yana ɗauke da kwanan wata, saboda haka duk abin da ya canza a mu'amalarta bayan ranar, kowa zai iya lissafawa. A gurbin mai shaida na biyu kuma ki sa mataimakiyar ko malamar horar da ma'aikata ta sashenku, bayan kin nemi yardarta.

Hajiya Mai Ritaya:
'Ya'yana, ina biye da ku daga nan gida, kuma na ga ashe halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Na yi aikin jinya har na kai babbar jami'a kafin in ajiye. Mu a nan, a zamanin da nake aiki, takardar neman canjin wuri ko tafiya kwas ba ta isa ofishin shugabar ma'aikatan jinya sai ta bi ta hannun mai kula da ɗakinki, kuma fom ɗin APER na ƙarshen shekara, wanda ake dubawa wajen ƙarin girma, ita ce take cike nata ɓangaren. Na ga takardun da suka kwana wata da watanni a cikin durowa ba don komai ba sai don ba a gaishe da mai durowar yadda take so ba. Ku da kuke da tsarin da ya taƙaita abin da shugaba za ta rubuta, ku gode wa Allah.

Amma Maman Hanifa, ina so in faɗa miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba. Mun ji daga bakinki ne kawai, ba mu ji daga nata ba. Ban ce kin yi laifi da kika rubuta rahoton ba, wajibinki ne, kuma da kin yi shiru da kin ci amanar tsohuwar da ta faɗi. Sai dai na riƙe ɗaki, na san yadda shugaba take ji idan ta fara jin matsalar ɗakinta daga sama maimakon daga bakin 'yarta. Shin da gari ya waye kin same ta kin gaya mata abin da ya faru da abin da kika rubuta, ko sai a kwamfuta ta gani? Idan ba ki yi ba, babu faɗuwar girma ki same ta ku yi magana ta minti biyar kafin ki tura imel ɗin da Antinki ta ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Maman Hanifa:
Mama, gaskiya ban same ta ba. Na miƙa aiki ga ma'aikatan safe na tafi gida a gajiye, sai a kwamfuta ta gani, kuma metiron ta riga ta kira ta kafin in dawo. Wannan ban taɓa kallon sa ta wannan fuskar ba.

Baban Sadiq:
Mama ta yi gaskiya ta fuskar zaman tare, kuma ban hana a yi maganar ba. Abin da nake jan hankali a kai shi ne kada maganar ta koma neman gafara a kan rahoton kansa. Bayyana damuwa a kan lafiyar majinyata abu ne da dokar kare masu fallasa ta 1998 ta ba shi kariya, kuma bayan rahoton Sir Robert Francis na 2015 aka sa kowace hukumar asibitoci ta naɗa jami'in da ma'aikaci zai kai wa irin wannan damuwa ba tare da tsoro ba. Maman Hanifa za ta iya cewa, da na sani da na fara sanar da ke da bakina, ta tsaya a nan. Sannan ta fara tattara takardunta tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya: kwafin jadawalin watannin da suka wuce, imel ɗin da aka hana ta kwas, ranakun da aka ɗage bitar aiki, katunan godiya na iyalan majinyata, da abin da ɗalibai suka rubuta a kanta. Ta kula kada ta kwafi wani abu mai ɗauke da sunan majinyaci. Dama ta kusa cika shekara uku, sabunta rajistar NMC da ake yi duk shekara uku yana tafe, kuma ana neman ra'ayoyi biyar a kan aikinta da rubutun nazari biyar, ga sa'o'i 450 na aiki da 35 na ƙarin ilimi. Abin da ta tara don wannan shi zai yi mata amfani a wancan. Kuma mai tabbatar da sabunta rajistar, ko da yake an fi son ya zama shugaban mutum, wata nas mai rajista tana iya yi.

Malam Na Dare:
Ni tambaya ta uku ce nake ganin an bari a baya, kuma a nan na taɓa faɗuwa. An tambaye ni in ba da misalin lokacin da na samu saɓani da abokin aiki, sai na ga dama ta samu, na kwashe labarin shugabana na zazzage musu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma da na nemi bayanin dalilin da ban samu ba, sai aka ce amsar ta nuna abin da aka yi mini, ba ta nuna abin da ni na yi ba. Baki shi ke yanka wuya. Sai dai har yau ina tambayar kaina, idan kowa ya rufe bakinsa a intabiyu don ya tsira, yaushe za a san cewa sashe kaza shugabarsa ce take korar mutane?

Anti Sista Babba:
Malam, tambayarka tana da nauyi, amma ɗakin intabiyu ba shi ne wurin amsa ta ba. Mu biyu ne ko uku a kwamiti, tambayoyi iri ɗaya muke yi wa kowa, kowace amsa muna ba ta maki a kan takarda bisa sharuɗɗan da aka buga. Ba mu da ikon bincikar wata shugaba, ba mu da lokacin jin ɓangarenta, abin da kawai za mu iya aunawa shi ne mutumin da ke gabanmu. Ƙorafi yana da ƙofarsa: metiron, ofishin ma'aikata, ƙungiya, ko jami'in da Baban Sadiq ya ambata, kuma wasu asibitocin suna yin hira da mai barin sashe. Ni da za a bi tawa, Maman Hanifa ta riƙe takardunta, ta fara tsallakewa, sannan ta yanke shawarar kai ƙorafi da kwanciyar hankali, sai fa idan abin ya taɓa lafiyar majinyata a yanzu, wannan ba ya jira.

Amsar dalilin barin sashe kuwa tana hannunta, kuma babu ƙarya a ciki: na yi shekara shida a wankin ƙoda, zamana da tsofaffi ya koya mini kula da masu cututtuka da yawa a lokaci ɗaya da masu ruɗewar tunani, irin waɗanda suka cika ɗakin wanki a yau, yanzu ina so in haɗa biyun in kuma ɗauki nauyin jagoranci. Idan aka zo tambayar saɓani, ta zaɓi misalin da ya ƙare da gyara, ta faɗi halin da aka shiga, abin da ya hau kanta, abin da ta yi, da abin da ya biyo baya. Daren da tsohuwar ta faɗi ma misali ne mai kyau na tsayawa a kan lafiyar majinyaci, matuƙar ta ba da shi ba tare da ambaton fushin kowa ba, ta kuma ƙara da abin da Mama ta fito da shi, cewa ta koyi sanar da shugaba da bakinta kafin rahoto ya isa. Irin wannan amsar ce muke nema daga mai mataki na 6, domin gobe ita za a riƙa kawo wa ƙara.

Ummu Yasir:
To na sauko daga batun ɓoye suna, tunda rajista ɗaya ce. Amma ban sauko daga cewa a jinkirta ƙorafi ba daidai ba ne. Duk wadda ta tsallake ba ta waiwayowa, sai a bar na baya da wahala, kuma wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne, yana iya wucewa ana jiran kwanciyar hankali. Aƙalla ta je ta ga wakilin ƙungiya yanzu, a rubuta cewa ta zo.

Baban Sadiq:
A wannan ina tare da Ummu Yasir. Ganin wakili ba shigar da ƙara ba ne, kuma shugabar ba za ta sani ba sai in Maman Hanifa ta so.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Na dawo in sanar da ku inda aka kwana. Na ga wakilin ƙungiya ranar Litinin, ya rubuta komai ya ajiye. Na kai ziyara sashen ƙoda, shugabar ta zagaya da ni, har muka daɗe a kan maganar injinan. Na kuma sami shugabata a ofis kamar yadda Mama ta ce, na faɗi jimlar da Baban Sadiq ya koya mini ban ƙara ba. Ta yi shiru, sannan ta ce an wuce wurin, ba ta ce komai a kan jadawalin ba. Da na tura imel ɗin, amsarta kalma biyu ce, amma ta amsa, kuma ta sa ranar bitar aikina a mako mai zuwa. Jiya aka aiko mini da gayyatar intabiyu, an ce in shirya jawabin minti goma a kan yadda zan taimaka wa sababbin ma'aikata su zauna a sashen. Ranar ta faɗo washegarin aikin darena na uku a jere. Anti, in nemi musanya a wurinta, ko in roƙi kwamitin su matsar da ni zuwa yamma?

Anti Sista Babba:
Ki fara neman musanyar a rubuce yau, ki haɗa da sunan wadda ta yarda ta karɓar miki daren, don kada a ce babu mai riƙewa. Idan ba ta amsa ba zuwa jibi, ki rubuta wa kwamitin cewa kina fitowa daga aikin dare, ki nemi zangon ƙarshe na ranar. Su ma ma'aikatan jinya ne, sun san abin da dare uku yake yi wa ƙwaƙwalwa. Ki turo mini jawabin ta akwatin sirri in duba miki kafin Juma'a.